Awon Abincin Tsawa

Shekara ashirin da shida Mai Sikeli ya yi a siton hatsi, ba a taɓa kama shi da tauye awo ko na tafin hannu ba. Gajeren mutum ne mai furfura a gira, ba ya fara aiki sai ya goge farantin sikeli da gefen rigarsa. Ban da auna buhuna, shi ke kula da karen gadi.

Karen farko, Guguwa, a hannunsa ya lalace. Irin manyan nan ne masu ƙirji kamar na maraƙi. Tun yana ɗan kwikwiyo Mai Sikeli ke cika masa kwano sau huɗu a rana, surukinsa mahauci yana kawo dakakken ƙashi, wai ƙashi ke gina ƙashi. A wata tara kare ya fara gudu da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo. A shekara biyu ba ya tashi sai an tallabi ƙugunsa. Ranar da likitar dabbobi ta yi masa allurar ƙarshe, Mai Sikeli ne ya riƙe kansa.

"Baba, akwai gado a ciwon," in ji ta, "amma nauyi ne ya riga gaɓoɓin ƙwari. Dakakken ƙashin ma ƙara ɓata su ya yi."

Don haka da aka kawo sabon kwikwiyo, Tsawa, bai kauce wa maganarta ba: gwangwani ɗaya a shafe, sau uku a rana, babu ƙari, kuma a riƙa jin haƙarƙarinsa a hannu. Duk Litinin yakan ɗora shi a sikeli, ya rubuta nauyin da alli a bayan ƙofa. Ya kori mahaucin da ledarsa, har yau ba sa gaisawa sosai.

Tsawa na wata biyar mai sito ya dawo daga tafiya, ya tsaya a kansa.

"Wannan kare ne ko sandar tsintsiya? Ina abincinsa ke zuwa?"

"Baba, ko da shi kake karya kumallo?" in ji wani ɗan dako. Aka kwashe da dariya.

Mai sito bai yi dariya ba. "Cika kwanon nan a gabana, ya yi tozo. In ba haka ba, ajiye makulli."

Mai Sikeli ya taɓa makullin a aljihunsa. A shekarunsa wa zai ɗauke shi aiki, balle an ce ya ci abincin kare? Ya dubi Tsawa, wanda ya ji ƙarar kwano ya miƙe daga siminti tashi ɗaya. Guguwa ma haka yake tashi a wata biyar.

Ya ɗebi gwangwani ɗaya, ya shafe bakinsa da yatsa kamar kullum, ya zuba. Ya ajiye makulli a gefen kwanon.

"Ranka ya daɗe, na kashe ɗaya da ƙoshi. Ba zan ƙara ba."

Mai sito ya daɗe yana kallon layukan allin da ke bayan ƙofa.

"Ɗauki makullinka. Amma in ya gurgunce duk da haka, tare za ku fita."

Tun daga ranar, kafin ya goge sikeli, Mai Sikeli kan tsaya a bakin ƙofa ya kira Tsawa. Ba ya sakin numfashi sai ya ga ƙugun karen ya bar ƙasa.