Fitilun Enzo a Bishiyar Mangwaro

Desley Cavallaro ba mace ce mai kiran ma'aikaci ba. Tun tana amarya take tuƙa tarakta a gonar raken mijinta Enzo, can bayan garin Ingham, kuma duk abin da ya lalace a gidansu mai dogayen ƙafafun katako, su biyu suke gyarawa. Da Enzo ya rasu ta sayar da gonar, ta riƙe gidan da bishiyar mangwaron da ke gabansa.

A bishiyar nan akwai fitilu, ja da kore da ruwan ɗorawa. Enzo ne ya rataya su da hannunsa lokacin bikin 'yarsu, ya jawo waya daga ƙarƙashin gida, ya zura ta cikin tsohon tiyon ban-ruwa ya binne. Biki ya watse, fitilu suka zauna. Kullum da magariba Desley za ta kunna su, ta zauna a baranda da kofin shayi. In iska ta kaɗa rassan, hasken ya riƙa yawo a kan ciyawa, sai ta ga kamar mutane ne ke rawa, har da wani gajere mai faɗin kafaɗa wanda bai taɓa iya taka rawar ba.

Ana nan, wata rana ta taɓa famfon wanki, wuta ta ja ta, hannun ya wuni yana zugi. 'Yarta ta ji labari daga Townsville, ba ta tsaya gardama ba, ta turo mai aikin lantarki ya sa makunnin kariya, irin wanda ke yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa.

Warwick Tuohy ne ya zo, da tumbinsa da gajeren wando. Ya buɗe akwatin mita, busassun tsaka suka zubo. Ya tambaye ta wa ya yi aikin wayar, ta ce mijinta. Ya ce lallai marigayi jarumi ne. Ta ce ai rumfar kwalekwalen uban shi Warwick ɗin ma Enzo ne ya ja mata wuta, don haka ya rage baki ya yi abin da ya kawo shi.

Ya ɗaura makunnin, ya ɗaga shi, makunnin ya faɗi. Ya sake ɗagawa, ya sake faɗuwa. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har aikin ya kai shi gindin mangwaro. Da ya tono tiyon, ruwa ne cike a ciki, robar wayar tana marmashewa a yatsa.

"Misis Cavallaro, ko fitilun nan ko makunnin. Ba za su zauna gida ɗaya ba."

Ya ce akwai sababbi masu aiki da hasken rana, zai iya rataya mata yau. Ta tambaye shi ko su ma Enzo ne ya rataya su. Sai ya ce damina na tafe, kuma ya san ba ita kaɗai ke tsintar mangwaro a ciyawar nan ba takalmi ba. 'Ya'yan maƙwabta ma suna tsallako shinge.

Ta daɗe tana kallon rassan.

"Yanke, ɗan Tuohy. Amma ƙwayayen fitilun ka bar su inda suke."

Ya kashe wutar gidan duka, ya dawo da filaya. Ta miƙa hannu. Ya ba ta. Sai da ta haɗa hannu biyu kafin wayar ta tsinke. Da ya maido da wuta ya ɗaga makunnin, wannan karon bai faɗi ba.

Da magariba ta fito da shayinta, hannunta ya tafi wajen makunnin baranda da kansa, ta janye shi. Bishiyar ta yi duhu. Sannu a hankali idonta ya saba, sai ga gonakin rake shimfiɗe har gindin dutse, sararin sama ja-ja a bayansu, jirgin ƙasan ɗaukar rake na jan jiki da fitila ɗaya. Ta zauna tana binsa da kallo har ya shige kwana, shayin ya huce a hannunta.