Bindigar da Makau Bai Gwada Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Gwashi a ƙasar Bukkuyum ya san Makau maƙeri, ko bai gan shi ba ya ji ƙarar masabarsa. Gajere ne kakkaura, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Da hauya da lauje da gatari yake ci da gidansa. Amma abin da ransa ke so, wanda zai bar tuwo ya sandare a kansa, bindigar toka ce irin ta maharba. Sai ya shafe wata biyu a kan guda ɗaya, yana gogewa, yana shafa wa ƙotarta man gyaɗa. Matarsa Turai takan leƙo ta ce, "Da ni kaka shafa ma mai hakan ga, da ban tsufa ba."

Gidansu na da ƙa'ida tun kaka da kakanni: maƙeri ba ya miƙa wa kowa bindiga sai ya fara harba ta da hannunsa. Zai fita bayan gari, ya yi bisimilla, ya ɗora ta a kafaɗa ya saki wuta. In mai fashewa ce, ta fashe a hannun wanda ya ƙera ta. A haka Makau ya rasa yatsu biyu tun yana saurayi, kuma alfahari yake da guntayen. Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa cewa bindigarsa ta ci mai ita ba.

Takarda kam ba shi da ita. Ya taɓa zuwa Gusau neman lasisi, wannan ofis ya tura shi wancan, wancan ya ce ya dawo gobe. A rana ta uku wani ya tausaya masa ya ce izinin ƙera bindiga ba a nan ake ba da shi ba, sai can sama. Makau ya dawo gida ya ce saman ta yi masa nisa. Ba wanda ya damu, don a lokacin aikin bindigar bai wuce korar birai daga gona da amo ranar Sallah ba.

Sai zamani ya juya. Ɓarayin da suka fara da shanu suka koma kan mutane. Su zo da rana tsaka, uku-uku a kan babur, su kashe na kashewa su kora na korawa. A ranin 2016 mai gari Maharazu ya tako da ƙafarsa har maƙera, abin da bai taɓa yi ba.

"Makau, mi za mu yi? Mu zamna a yanka mu kamar kaji?"

"Ranka shi daɗe, tawa harbi guda taka yi, sai an sake ɗuri. Tasu ko ruwa taka yi."

"Mun sani. Ko ƙarar dai su ji, su san da maza cikin garin ga."

Makau ya ajiye hauyun mutane ya ƙera guda bakwai. Ya gwada shida, duka lafiya. Ana gobe zai gwada ta bakwai labari ya iso: jami'an tsaro sun kafa sansani a mararraba, sun ji harbin gwaji a wani ƙauye ta wajen Anka, sun je sun kwashe maƙerin da zuga-zuginsa da uwar maƙerarsa. An ce ƙera makami ba izini laifi ne mai ɗauri, kuma gaskiya ne, haka doka ta ce. Haba, ai ba wanda ya ce doka ƙarya ce! Abin da ke cin ran mutane shi ne ta san hanyar maƙera sarai, hanyar daji ce ta ɓace mata.

Mai gari ya aiko cewa ko tari kada bindiga ta sake yi a garin. Makau ya zauna da ta bakwai a cinya. In ya harba a bayan gari, a ji a mararraba, a tafi da shi da sauran shidan da ya raba. In ya nausa daji inda ba za a ji ba, can ne gidan ɓarayin. Gaba kura, baya siyaki. Ya rataye ta a bango ya ce sai an kwana biyu.

Ba a kwana biyun ba. Ɓarayi suka aiko da saƙo ta bakin wani da suka sako cewa suna nan tafe. Ɗan Makau na fari, Abdussalam, wanda a gida ake kira Audu, tela ne a Gummi, yana da shago da keke biyu da 'ya'ya uku. Yana jin labari ya rufe shago ya hau mota, ya ce ba za a shigo wa iyayensa yana can yana ɗinkin hannun riga ba. Ya shiga maƙera ya gaida uban, idonsa ya faɗa kan bango.

"Baba, wagga hwa? Wa ad da ita?"

Yaron bai tambayi ko an gwada ta ba, wa zai yi wa Makau wannan tambaya? Shi kuma ya dubi bindigar, ya san bai taɓa ƙera mai kyanta ba. Ya ce a ransa hannun da ya yi shida lafiya ba zai ci amanarsa a ta bakwai ba, kuma sakin yaro hannu banza ya fi muni. Ya sauko da ita ya miƙa masa.

Ranar Laraba da hantsi ɓarayin suka zo. Shidan nan duka suka tashi, suka yi amon da ya sa ɓarayin ba su shiga tsakiyar gari ba, sai dai ɓarayin sun tsaya gefen gari sun kashe mutum huɗu sun kore shanu. Ta bakwai ta fashe a harbin farko. Ta tafi da hannun Abdussalam na dama tun daga wuyan hannu, ta haɗa da ido ɗaya.

Aka kai shi asibiti a Gummi. Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake faɗa, ƙaddara, ajizancin ƙarfe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba wanda ya zargi Makau, kuma wannan ne ya fi kashe shi. Ya daina cin abinci. Ya zauna a bakin gado kwana tara yana kallon dunƙulen bandeji, yana tuna keken ɗinki da yara uku. Tsoho mai furfura, hawaye na bin gemunsa ba ya ko sharewa.

A rana ta goma Abdussalam ya samu ƙarfin magana. Ya kamo hannun uban da hagunsa.

"Baba, don Allah ka bar kukan ga. Kowa ya san ba ka ba da wadda ba ka gwada ba. Ta tashi lahiya a hannunka, ta fashe a nawa. Ni anka rubuta ma. Tun da niz zo nan, shi kaɗai ka sanyaya min rai."

Makau ya ji kamar ya yi shiru ya mutu da maganar. Ba wanda ya sani, ba wanda zai taɓa sani. Amma ya kasa haɗiye ta.

"Ban gwada ta ba, Audu."

Abdussalam ya dube shi da idon da ya rage, ya daɗe yana dubansa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya zare hannunsa a hankali, ya juya fuskarsa ga bango.

"Baba," ya ce, "da ka bar ni da wancan zaton nawa."