Ranar da Surukina Ya Duba Madubi

Ba don gayu na sa wa akori-kurata baƙar leda a gilashi ba, ko da yake har yau haka 'yan gidanmu a Tsafe suke faɗa. Kunya ce ta ja mini.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina jigilar hatsi tsakanin Tsafe da Gusau, ina kuma neman wata yarinya a Nahuce. Da magana ta nuna, aka sa ranar da baffannina biyu za su je neman aure. To, ka san mai neman aure ba ya zuwa wurin nan, ko inuwarsa aka gani an ce ba shi da kunya, kuma mahaifin yarinyar mutum ne da kan fasa magana a kan abin da bai kai wannan ba. Ga shi duk danginmu ni kaɗai na iya tuƙi, babban baffana kuwa ya rantse ba zai cusa babbar rigarsa a motar haya ba.

Sai na je wurin wani mai manna leda a Gusau, na ce ina son wadda ta fi kowace duhu, mai sheƙin nan kamar madubi.

Ya ce, "Malam, wagga a baya aka sa ta. Gefen direba kuwa, mai haske aka sawa, don ka ga mutane, su ma su gan ka."

Na ce, "Ai kada a gan nin nake so."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah shi kyauta." Ya manna mini ita a gefe biyu da baya, amma gilashin gaba kam, ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai taɓa shi ba. Na ji haushinsa ranar. Yanzu na san da ya biye mini, da ba ni nake ba da labarin nan ba.

Tafiyar kanta azaba ce. Ko madubin gefe ba na gani. A kwanar Bungudu saura ƙiris in hau kan wani mai keke da ya fito ta dama, don ban gan shi ba sai da ya zo gaban hancina. Ƙaramin baffana ya yi salati ya ce, "Kai yaro, a mota ka ɗauko mu ko a rumbu?"

Da muka isa Nahuce, na sauke su a ƙofar zaure, na zagaya bayan gidan na tsaya jikin katanga. Na shimfiɗa darduma a gilashin gaba, na murɗe tagogi ruf, na kashe mota. Bazara ce, rana tsaka. Kafin a jima rigata ta jiƙe sharkaf.

Abin da ban lissafa ba shi ne uban yarinya ma ba ya zama wurin irin wannan magana, ƙanensa yake bar wa, balle ita ce 'yarsa ta fari. Sai ga shi ya sulalo ta ƙofar baya kamar marar gaskiya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya nufo motata.

Na ce shi ke nan, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba.

Ashe kansa ya hango a gilashi. Ya matso har numfashinsa yana taɓa tagar, tsakanin fuskata da tasa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya karkata hula. Ya wage baki ya duba haƙoransa na goro ɗaya bayan ɗaya. Ya kama wani gashi a hanci ya fizge, ya yi atishawa a kan gilashin, ya goge da hannun riga. Ni kuwa na danne baki da hannu biyu, dariya tana cina, zufa tana shiga idona.

Sannan ya fara gwada fuskar surukai. Ya ɗaure fuska tamau, ya ɗaga kai, ya ce da murya mai kauri, "Lahiya lau." Bai gamsu ba. Ya ƙara haɗe gira ya maimaita. Wallahi ni yake yi wa atisaye, ga ni ina kallo.

A karo na uku ne fuskar ta ƙi ɗauruwa. Ya kira sunan yarinyar a hankali, sunan da ita da kanta ta gaya mini ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ya sake kira. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai ko share ba, tunda a ganinsa ba kowa.

Dariya ta ɗauke mini. Tausayinsa ya kama ni, kunya ta rufe ni, na ji ni ɓarawo ne. Na so in runtse ido, amma kaina ya riga ya fara juyawa saboda zafi. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne goshina yana tafiya wajen sitiyari.

An ce ƙarar odar motar da goshina ya danne har kasuwa an ji ta. An ce tsohon ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya a wurin.

Na farfaɗo a ƙasa, ana sheƙa mini ruwan randa, baffannina suna tsaye kamar ƙasa ta tsage su shige. Shi kuma ya juya mini baya, yana fuskantar katanga.

Ya tambayi babban baffana, "Tun yaushe shike ciki?"

Baffa ya ce, "Tun zuwanmu, Alhaji."

Tsohon bai waiwayo ba. Na gama sallamawa, har ina tunanin abin da zan gaya wa innata.

Can ya ce, "A ba shi ita. Wanda ya ga abin da ya gani, gara shi zama ɗan gida." Ya taka zai shiga, ya tsaya a bakin ƙofa, har yanzu bai waiwayo ba. Muryarsa ta yi ƙasa. "A ɓare wagga leda kahin biki. Ran da za a tai da ɗiyata, ina so in gan ta har mota ta sha kwana."