Iskar Da Ta Fita Ta Numfashi

Baba ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu a Chinade. Shekarun baya an taɓa zura masa siririyar roba mai kyamara a hanji, aka cire wani ɗan tsiro. Sai da aka hura masa iska kafin a gani sosai. Ya dawo a kan babur yana cije leɓe, ciki ya kumbura tim. Amma ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Yini guda alwala ta ƙi tsaya masa. Ladan ne ya ja salla, shi yana ɗaki cikin kunya.

Shi ya sa da jini ya bayyana a bayan gidansa, aka ce a sake dubawa, Baba ya ce a ƙyale shi.

Na lallaɓa shi muka je Azare, da sunan za mu ji bayani kawai. Likitar 'yar kudu ce, Hausarta da ɗan gargada.

"Malam, robar kake tsoro?"

Baba ya sunkuyar da kai. Na ce, "Iskar ce, Likita."

"Ba irin waccan muke sawa ba. Wannan irin wadda kake fitarwa ce in ka yi numfashi. Hanji zai shanye yawancinta, jini ya kai ta huhu, ta fita ta hanci."

"Ta hanci?" Ya daɗe yana shafa gemu. "To, numfashi dai ba ya karya alwala."

Ta yi dariya. "Nan kuma kai ne malami."

Ranar da aka yi aikin, na zauna gefen gadonsa yana gyangyaɗin allura. Ƙirjinsa kawai nake kallo, yana hawa yana sauka. A makaranta na haddace sunan wannan iska, kabon dayoksaid, na ci jarrabawa da ita, amma ban taɓa tunanin hanyar da take bi ba. Ga ta yau tana ratsa jinin mahaifina shiru, tana fita ta taga zuwa ganyen darbejiya.

An sake cire ɗan tsiro, tun bai girma ba. Baba ya kewaya sau ɗaya, ya yi alwala a famfon asibiti, kuma da ita ya ja la'asar a masallacinmu.

Da ya shigo daga masallaci ya ce mini, "Uwata, yaushe likitar ta ce mu koma? Rubuta min, kar in manta."