Sabobi Uku da Ranar Juma'a

Shekara biyu ina zaune a gida da digirina na kwamfuta kafin Hajiya, likita mai ƙaramin asibiti a Tudun Wada, ta ce in gwada. Tana son sakamakon gwajin jini ya riƙa tashi daga ɗakin gwaji ya iso kwamfutarta ba tare da takarda ta ɓata a hanya ba. Ta ba ni wata ɗaya. In abin ya yi, ta ɗauke ni aiki. In bai yi ba, akwai wasu 'yan Kaduna da ke jira.

Akwai manhajar da ke tsayawa a tsakani kamar dillali, ta karɓi saƙo, ta ajiye, ta miƙa wa mai shi. Na ɗora ta a kan saba uku, wato kwamfutocin da ba a kashewa, don in ɗaya ta mutu sauran su ci gaba. Sharaɗinta ɗaya ne: dole biyu cikin ukun su kasance a kunne, in saura ɗaya ba ta taɓa saƙon kowa. Sai na raba su. Ɗaya a asibitin, ɗaya a shagon buga takardu na kawuna a unguwar Kongo, ɗaya a kemis ɗin mijin yayata a Kwangila. Na yi tunanin ɗauke wuta, na sa batir. Na yi tunanin ɓera, na ɗaure waya a bango. Wallahi har ramewa na yi a watan nan.

Hajiya ta ce mu yi gwajin ƙarshe ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da maza sun tafi masallaci, asibiti ya yi shiru. Ni da bakina na ce hakan ya yi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta tura sakamako. Shiru. Ta sake turawa. Na leƙa allona, sai na ga ta Kongo ta mutu, ta Kwangila ta mutu, a tsakanin minti biyar. Na kira kawu, waya a kashe. Na kira mijin yaya, tana ta ƙara ba a ɗauka.

"'Yar nan, ina jira," in ji Hajiya, tana duba agogo.

"Hajiya, don Allah minti ashirin."

Na fita a guje. Ina keke? Ina acaɓa? An tare titi da sahun sallah. Na bi lungu da ƙafa, takalmina ya tsinke, na ɗauke shi a hannu, ina tafe ina kuka ina zagin kaina. Wace irin sakarya ce ni? A garin nan aka haife ni. Tun ina rarrafe na san mai shago in zai tafi Juma'a sai ya kashe komai, ya garƙame, kuma duk gari lokaci ɗaya suke yi. Na raba sabobin unguwa uku, na bar su a hannun mutum biyu masu tafiya sallah ɗaya.

Na tarar da kwaɗo a ƙofar shagon kawu. Na zauna a dakali har aka sauko. Can sai ga kawu da dardumarsa a kafaɗa, fuskarsa a sake.

"A'a, ke ce? Ai na kashe miki injin naki, har batirin na zare. Kayan mutane ne, kar wuta ta dawo da ƙarfi ba kowa."

Na hau keke daga baya na isa asibiti wajen ƙarfe uku, an riga an kunna sabobin, komai na aiki sumul. Hajiya ba ta ko ɗago kai ba, ta ce in kwashe kayana kafin Litinin. Amma tun a ƙofar shagon nan na riga na san aikin ya tafi. Maganganu sun cika mini baki, ga ƙanin mahaifiyata tsaye yana jiran godiya. Na durƙusa da takalmi a hannu na ce, "Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri."