Don Melquiades da Ƙararrawar da Aka Ɗaure

Shekara arba'in da ɗaya Don Melquiades Olvera ya yi yana kaɗa ƙararrawar cocinmu na Santa Ines. Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na mata kuma Doña. Gajere ne, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Ban da kiran ibada, yana da wani aikin da ba wanda ya ɗora masa: in hazo ya rufe duwatsu, yakan yi ta kaɗawa har makiyaya da masu itace su biyo sautin su iso gida.

Kwana biyu kawai ƙararrawar ke yin shiru a shekara. Ranar Alhamis kafin Ista yakan hau hasumiya ya naɗe harshenta da buhu, ya ɗaure tam, saboda makokin Ubangiji. Sai a koma kiran jama'a da matraka, wani katako da ake juyawa yana ƙara kaf-kaf-kaf.

Ranar Juma'ar makoki ta 1968, da ƙarfe goma, wani baƙo daga Minnesota ta Amurka, Mista Halvorsen, ya iso da matarsa yawon wuni ɗaya. Ni ne malamin makaranta, na koyi Turanci wurin fada-fada, limaman coci, don haka ni na yi musu tafinta. Suka sha miyar wake a gidan Don Melquiades. Baƙon ya ce zai hau dutse ya ɗauki hoton garin, minti talatin ya dawo.

Ƙarfe biyu da kwata hazo ya sauko. Ƙarfe uku bai dawo ba. Matar ta riƙe hannuna tana kuka. Duk mai ƙarfi a garin ya bi Fada zuwa ƙauyen gaba, inda ake wasan kwaikwayon gicciye Yesu. Tsofaffi kawai aka bari, sai ni.

"Tashi ka kaɗa mana, tsoho!" in ji Doña Remedios, matar Don Melquiades.

"Yau? Kin san ko wace rana ce?"

"Na sani sarai. Shi Yesun da ya mutu yau ɗin, kana jin zai kai ƙararka?"

"Ke komai wasa ne a wurinki."

"To tsaya nan kamar turke, har bawan Allah ya faɗa rami."

Ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya ce mini, "Malam, ku zama shaida, laifin nawa ne ni kaɗai."

Muka shiga hasumiya. Ya ja igiya da ƙarfinsa duka. Ƙararrawar ta yi lilo can sama, ba ko ƙis. Ya juya zai hau ya kwance buhun, sai ya tsaya. Babu tsani. Shi da kansa ya ba da aronsa da safe, domin da shi ake sauko da Yesu daga gicciye a wasan. Tsakaninmu da ƙararrawar mita tara, bango sumul.

Na tura wata tsohuwa a kan jakin maƙwabci ta je ta kira mutane su kawo tsanin. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, zuwa kawai. Na gwada hawa igiyar, na zame sau uku. Don Melquiades ya ɗauki matraka ya tsaya bakin maƙabarta yana juyawa, mata suna buga tukwane, muna ta kiran sunan da bakinmu bai iya faɗa daidai ba. Hazon ya shanye komai. Ya juya katakon nan har tafin hannunsa ya fashe.

Sai ƙarfe shida da rabi tsanin ya dawo. An kwance, an kaɗa, ba wanda ya fito.

Washegari da hantsi aka samu gawar baƙon a ƙasan kwazazzabo, tafiyar minti ashirin daga coci. Agogonsa ya tsaya a biyar saura goma.

Kafin a tafi da gawar, matar ta ce in tambayi tsohon: da an kaɗa da wuri, mijinta zai ji daga can?

Don Melquiades ya dubi hannayensa da aka naɗe da tsumma.

"Ana ji," ya ce. "Har gaba da nan ma ana ji."

Na fassara mata daidai yadda ya faɗa, domin haka aka koya mana.