Wa Zai Nuna wa Auta Jar Waya?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Wuta, ubangidan ɗana Auta a sana'ar gyaran wutar lantarki, bayan gajeriyar jinya. Da girmana na koyi rubutu, a yi haƙuri da ni in ya karkace.

Baba, kai ka fara lura Auta ba ya bambance jar waya da koriya. Mu a gida wauta muka ɗauka. Ba ka kore shi ba. Ka rufe shago ka kai shi asibitin ido, ka ce in biyo ku. Likita ta buɗe wani littafi, kowane shafi cike da ɗige-ɗige masu launi, da lamba a ɓoye. Ina ganin arba'in da biyar ɓaro-ɓaro, shi kuwa ya zura ido har ya yi ƙwalla, ya ce, "Umma, babu komai a nan." Na buɗe baki zan raɗa masa, ka girgiza mini kai. Likita ta ce haka aka haife shi, babu magani, ya nemi wata sana'a.

A hanya ka ce masa, "Idona ya ishe mu. Hannunka nake so, nawa ya fara rawa." Tun daga ranar, kullum da safe kake ƙulle bakin kowace jar waya a shago don yatsunsa su gane ta. A gidajen mutane kuwa, inda wayoyi ke cikin bango babu ƙulli, sai ka tsaya bayansa kana cewa ƙasa-ƙasa, "Ta hagu, sarkin gaggawa." Ko mai shagon kusa da ku bai taɓa jin matsalar idonsa daga bakinka ba.

Jiya aka kira shi gyara a wani tsohon gida. Ya ɗauki jakar aiki, na tare ƙofa. Ya ce, "Umma, matata ta kusa haihuwa, yaya kike so in yi?" Na ce bari in bi shi in riƙa nuna masa ja. Ya yi dariya, ya ce ina aka taɓa ganin mai gyaran wuta da uwarsa a baya. Na matsa ya wuce. Ya dawo lafiya. Yau ma ya fita.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri. Duk wanda ya yi wa Baba addu'a, don Allah ya sa Auta a ciki. Ni iyakar abin da na iya ke nan.